Ranar da Surukin Ɗantsoho Ya Durƙusa

Duk wanda ya taɓa kai ƙofa ko gado walda a bakin tashar Gumel ya san Ɗantsoho, ko da bai so ya san shi ba. Mutum ne da in ka kawo masa buta ta huje, sai ka sha bayanin yadda ake ƙera jirgin ruwa kafin ya liƙe maka ita, ka isa gida kuma ka tarar tana yoyo ta wani wurin. Shi ya rubuta wa kansa "Injiniya" da jan fenti a allon shago. Ba wanda ya ba shi, ba kuma wanda ya samu sukunin ƙwacewa.

Abin ya samo asali ne daga wani bidiyo da ya gani a waya. An nuna wasu masana suna goga wata na'ura a jikin gada, tana gaya musu inda ƙarfe ya gaji ya fara tsagewa ta ciki tun ido bai gani ba. Daga nan aka nuna wani mai ƙafa ɗaya an sa masa ta ƙarfe mai lanƙwasuwa, yana gudu har yana tsere wa masu biyu. Ana shirin bayanin yadda ake haɗa su, data ta ƙare. Ɗantsoho bai damu ba, ya ce sauran ai yana kansa tun tuni.

Ya leƙa rumfar maƙwabcinsa Ɗantala mai shayi, wani ƙato da in zai hau keke napep sai direba ya roƙe shi ya zauna a tsakiya.

"Ɗantala, daga yau mota ta daina karyewa a hanyar Maigatari. Sannan surukina zai durƙusa."

"Wane surukin? Baban Rabi?"

"Ina da wani ne?"

"To ka fara gyara mini ƙafar teburin nan da ka karɓa tun azumi, in ya so ka kai ga ta mutane."

"Matsalarku ke nan, ƙaramin tunani," in ji Ɗantsoho. "Zuba mini kakkaura, ƙwaƙwalwa za ta yi aiki."

Maganar durƙuson nan ba wasa ba ce. Malam Ƙasimu, mahaifin matarsa Rabi, dillalin shanu ne da ke zaune a wani ƙauye bayan Ɗanzomo, yana cin kasuwar Maigatari. Shekarun baya mota ta kife da su, aka yanke masa ƙafar hagu a saman gwiwa. Masassaƙi ya yi masa ta ice, mai ƙwari, ba ta taɓa ba shi kunya a kara, wato kasuwar shanu, ba. Illarta ɗaya, ba ta lanƙwasuwa. In ya zauna sai ta miƙe zaƙwal ta nuna duk wanda ke gabansa. Ga shi Dagacin garinsu ya sa ranar naɗa shi Sarkin Dillalai, kuma kowa ya san wanda za a naɗa durƙusawa yake yi, a naɗa rawani, ya faɗi ya yi gaisuwa. Tsohon ya gaya wa 'yarsa, idonsa cike da ƙwalla, cewa gara ya ce ba ya son sarautar da ya miƙe wa Dagaci ƙafa a gaban jama'a. Rabi ta dawo Gumel da maganar tana cin ta a rai, ta yi kuskuren faɗa wa mijinta.

Da na'urar ya fara. Ya samo hon ɗin keke napep, batirin babur, da wata tsohuwar rediyo da ya farke wa ciki, ya haɗa su da waya ja da baƙa a cikin kwalin madara, ya sa mata maratayi. Ya raɗa mata suna Mai Kunne. Yadda take aiki, a cewarsa, sai a manna bakinta a jikin ƙarfe a ƙwanƙwasa da guduma. In ƙarfen ya gaji za ta yi ihu, in lafiya yake za ta yi shiru. Gaskiyar magana, tana ihu ne duk lokacin da wayoyin suka taɓa juna.

Gwajin farko a kan kaskon Azumi mai ƙosai aka yi shi, ba tare da an nemi izininta ba. Tana tsakiyar suya ya manna Mai Kunne a bakin kaskon. Hon ya tashi, awakin tasha suka watse.

"Inna Azumi, kaskon nan naki ya gaji. Kwanansa ya ƙare."

"Kai ne dai ka gaji da zaman lafiya. Kaskon nan da shi na aurar da 'ya'yana uku."

"Ido ba ya gani, sai ilimi. Saurara ki ji amon."

Ya ɗaga guduma ya sauke. Kasko ya huje, mai ya tsiyaye cikin wuta, wuta ta yi sama, ƙosai ya gangara cikin yashi. Ɗantsoho ya juya ga 'yan kallo fuskarsa fes da murna.

"Ban faɗa ba?"

Bai tsaya jin amsa ba, don Azumi ta riga ta ciro itace mai wuta a murhu.

Washegari ya auna bencin ƙarfen Ɗantala. Mai Kunne ta yi tsit. Ya dafa ƙirji ya ce bencin nan jikokin Ɗantala ma za su gaje shi. Bai gama rufe baki ba wasu 'yan kamasho suka zauna da kofunansu, benci ya rabe gida biyu, shayi ya wanke riguna.

"Injiniya, ga jikokin nan a ƙasa," in ji Ɗantala.

"Ka ji ka! Ni na ce a zauna a kai da yawa? Na'ura ta auna benci ne, ba ta auna haɗamar mutane ba."

Ranar Alhamis ya rataya Mai Kunne ya hau mota sai Maigatari. A bakin kara ya tarar da wani direba daga Damagaram ana loda masa shanu. Ya sunkuya ƙarƙashin motar ba sallama, ya manna na'ura a jikin sifirin na baya, ƙarfen nan mai lanƙwasuwa da ke ɗauke da nauyin kaya, hon ya tsage.

"Kai, Mushe, me kake yi a ƙarƙashin kamiyo na?" in ji direban da Hausarsa ta Damagaram mai gauraye da Faransanci.

"Ceton ranka nake yi. Sifirin ɗin nan ba zai kai ku Gagarawa ba."

Direban mutum ne mai tsoron hanya, ya taɓa kwana a daji da shanu suna mutuwa masa. Ya sa aka sauke dabbobin duka, aka ɗaga mota, aka zare sifirin, aka sa wani. Kafin a gama rana ta karkata, masu shanu sun zage shi sun zagi wanda ya ba shi shawara, wani bijimi ya tsinke igiya ya bi ta rumfar masu goro. Duk wannan bai shafi Ɗantsoho ba. Ya saɓi tsohon sifirin a kafaɗa ya yi gida.

Rabi ta tare shi a tsakar gida.

"Wannan kuma fa?"

"Ƙafar Baba ce."

"Ba shi ne aka ce ka ce ya gaji ba? Labari ya riga ka zuwa."

"Ya gaji da ɗaukar shanu, Rabi. Mutum ɗaya ai hutu ne a wurinsa."

"Ka dai ji tsoron Allah. Ubana ne, ba teburin Ɗantala ba."

"Ranar naɗi da bakinki za ki ba ni haƙuri."

To, a nan aikin ya ci karo da abin da bidiyo bai nuna ba. Mai yin ƙafa dole ya auna mai ita, ya san nauyinsa, ya gwada masa. Ɗantsoho kuwa tun da ya auri Rabi bai taɓa haɗa ido da surukinsa ba. In ya je gaisuwa, daga zaure yake tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa, idonsa a kan tabarma, ya yi "ina wuni" ya tsere. In sun haɗu a hanya ya ratse. Mutumin da bai iya cin abinci in surukinsa na unguwar, ina zai iya cewa, "Baba, ɗage riga in auna cinya"? Duk ganin da ya yi wa Malam Ƙasimu ta gefen ido ne, kuma kullum cikin babbar riga mai sitaci, a kan jamfa, a kan 'yar ciki. Saboda haka ya yanke hukunci cewa surukinsa babban mutum ne mai jiki, sa'an Ɗantala.

Da Ɗantala aka yi gwajin. Aka naɗe masa ƙafa ta baya, aka ɗaura masa sifirin a gwiwa. Ya durƙusa, sifirin ya lanƙwashe a hankali gwanin sha'awa. Ɗantsoho ya sa wa ƙafar sakata irin ta ƙofa, wadda in an durƙusa za ta faɗa da kanta ta riƙe, in za a tashi a zare ta, sifirin ya taimaka wa mutum ya miƙe. Da Ɗantala ya zare, ƙafar ta ɗaga shi sannu a hankali.

"Wallahi wannan karon kamar ka yi abin kai," in ji Ɗantala cikin mamaki. "Amma ka tabbata Malam ya kai ni?"

"Ya kai ka har ya ɗara. Ka taɓa ganin faɗin rigarsa?"

Saura kofin da dungulmi ke shiga da maɗaurin fata. Ana gobe naɗi Rabi ta je ƙauye ta karɓo tsohuwar ƙafar, a kan mijinta zai shafa mata mai ya sabunta fatar. Tana shiga kicin ya sa zarto ya yanke saman, ya ɗaure shi a kan sifirin da ƙusoshi. Sauran icen ya jefa cikin itacen girki. Da Rabi ta gani ta ɗora hannu a ka.

"Ka yanka ƙafar Baba?"

"Na yi mata ƙarin girma."

Ba yadda ta iya. Da asubar ranar naɗi ta kai wa mahaifinta sabuwar ƙafa a cikin buhu. Malam Ƙasimu ya dube ta, ya dubi 'yarsa, ya tambayi tsohuwar. Ta sunkuyar da kai. Shi ma kunyar ta kama shi ta nasa ɓangaren, don ba ya yiwuwa mijin 'yarka ya yi maka kyauta ka mayar, ko ka aika a ce masa ba ta yi ba. Ya ce, "Allah ya yi masa albarka," ya ɗaura, ya zuba riguna a kai.

Da hantsi ƙofar gidan Dagaci ta cika. An kafa rumfa, an shimfiɗa darduma, dillalai sun zo daga Maigatari da Sule Tankarkar, mata na leƙe ta kan katanga. Ɗantsoho ya iso da Ɗantala, Mai Kunne rataye a kafaɗa, guduma a aljihu. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce masa, "Ka buɗe ido yau."

Aka ga Malam Ƙasimu ya taho. Tafiyar ce ta fara ba mutane mamaki. In ya taka ta dama lafiya lau, in ya taka ta hagu sai ya yi sama kaɗan ya sauko, rigunansa su buɗe su rufe. Masu raka shi suna ta sauri su cim masa.

"Dubi tsoho da zafin nama," in ji wani dillali. "Sarauta daɗi."

"Aikina ne," in ji Ɗantsoho da ƙarfi, yana kallon wani wajen don kada su haɗa ido da suruki.

Malam Ƙasimu ya iso gaban Dagaci, ya tattara riga zai durƙusa. Ƙafar dama ta lanƙwashe, ta hagu ta ƙi. Ya sake dannawa, ta ɗago shi. Ya ƙara, ta ƙara ɗago shi. Sai ga shi yana sama yana ƙasa a gaban Dagaci, gumi na keto masa.

Wani bafade ya daka tsawa. "A durƙusa! Hattara, dattijo!"

"Ina ƙoƙari," in ji Malam Ƙasimu a hankali.

Ɗantala ya raɗa wa Ɗantsoho, "Ka ce ya kai ni."

"Sabo ne bai yi ba. Je ka taimaka masa."

Ɗantala ya matsa ya dafa kafaɗun tsohon kamar mai yi masa murna, ya saki nauyinsa. Sifirin ya yi ƙara ya lanƙwashe, sakata ta faɗa, ƙwas. Malam Ƙasimu ya durƙusa a kan gwiwoyi biyu, karon farko tun ranar da mota ta kife. Ya dafa ƙasa, hawaye suka zubo masa a gemu. Rabi ta rangaɗa guɗa daga kan katanga. Ko ni da nake ba ku labarin nan, a daidai wurin na ji tausayinsa ya kama ni, kuma da Ɗantsoho ya iya riƙe bakinsa na ɗan lokaci, da ya ci riba har abada.

Aka ɗauko rawani, wakilin Dagaci ya fara naɗawa. Dagaci ya dubi jama'a ya ce, "Ikon Allah. Wa ya yi wa Ƙasimu wannan aiki?"

Kafin bafade ya maimaita, Ɗantsoho ya riga ya ratso taro ya zube.

"Ranka ya daɗe, bawanka ne, Injiniya Ɗantsoho na Gumel. Ƙafar nan babu irinta daga nan har Damagaram. Da abin da ke ɗaukar shanu aka yi ta."

"Ba za ta karye da shi ba?"

"Karyewa? Ranka ya daɗe, ga na'urar da ke jin gajiyar ƙarfe, ita ma ni na ƙera. Yanzu a gabanka za a auna."

"Ɗantsoho, bari a gama naɗi," in ji Ɗantala.

"Ilimi ba ya jira."

Ya rarrafa ya zagaya bayan surukinsa. Nan fa kunya ta taso masa. Auna ƙafar sai an ɗage gefen riga, kuma idon mijin 'ya ba ya sauka a ƙarƙashin rigar suruki. Sai ya kawar da kai can gefe, ya runtse ido, ya cusa Mai Kunne ƙarƙashin rigar da lalube, ya zaro guduma.

"Baba, a gafarce ni," ya ce.

Ya ƙwanƙwasa. Bai sami sifirin ba, sakata ya samu.

Abin da aka yi don ɗaga Ɗantala ya sami mutumin da bai kai rabinsa ba. Malam Ƙasimu ya tashi sama da salati a bakinsa, rigunansa suka buɗe, kansa ya bugi rufin rumfa. Wakili na riƙe da bakin rawani, rawanin ya warware ya bi shi. Fadawa suka watse, mai kakaki ya faɗa kan mai ganga. Tsohon ya sauko a kan cinyar Dagaci, su biyun suka kife da kujera, ƙafafu uku a sama, biyu na Dagaci. Ta huɗun, wato ta sifirin, ta bugi turken rumfa ta yi ƙara ta rabe biyu. A wurin karayar kowa ya ga tsohuwar tsaga, baƙa, ta ci fiye da rabin ƙarfen.

Wuri ya yi tsit. Sai Mai Kunne, da ke yashe a kan darduma, ta tsage da ihu.

Ɗantsoho ya buɗe ido ya yi tsalle. "Kun ji ko? Ta gano! Ranka ya daɗe, tun a Maigatari ta faɗa, direba shaida ne!"

"Tun a Maigatari ta faɗa," in ji Dagaci, yana laluben hularsa, "ka ɗaura wa surukinka?"

Ɗantsoho ya sunkuya ya raba wayoyin Mai Kunne, ihun ya tsaya.

Aka ɗaga Dagaci, aka ɗaga Malam Ƙasimu, aka duba, ba wanda ya ji ciwo sai kujera. Dagaci ya ce a ruga gida a ɗauko tsohuwar ƙafar icen a ƙarasa naɗi, ko a miƙe take ya yafe. Daga kan katanga muryar Rabi ta fito.

"Ranka ya daɗe, ya yanka ta. Da sauran na dafa tuwon jiya ban sani ba."

Dariyar da jama'a ke dannewa ta ƙwace. Malam Ƙasimu kaɗai bai yi ba. Yana zaune a ƙasa, rawani a wuya, ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, a ba wani sarautar. Ban iya zuwa gabanka in gaishe ka yadda ake yi ba."

Dagaci ya juya ga Ɗantsoho.

"Kai Injiniya, ka yi alkawarin ƙafa mai lanƙwasuwa?"

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Naka suna lanƙwasuwa?"

"Suna yi."

"To juya baya. Goya shi."

"Ranka ya daɗe, suruki..."

"Da ka cilla shi sama ba suruki ba ne?"

Ɗantala ya ɗaga tsohon da hannu ɗaya ya ɗora a bayan Ɗantsoho. Nan Injiniya ya yi awon da ya kamata ya yi tun farko. Mutumin ba nauyi ko kaɗan, ƙasusuwan ƙirjinsa na taɓa masa baya.

"Ashe duk riga ce," ya ce a ransa, amma bakinsa da bai saba riƙe magana ba ya faɗa a fili.

"Riga ce, ɗana," in ji Malam Ƙasimu daidai kunnensa. Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakaninsu. "Durƙusa."

Ɗantsoho ya durƙusa. Aka naɗa rawani a saman kansa, amma a kan surukinsa. Bafade ya ce a faɗi a yi gaisuwa, Ɗantsoho ya kifa goshi a ƙasa, sabon Sarkin Dillalai ya jinjina daga sama, aka amsa masa da "An gaishe ka." Da aka gama da Dagaci sai liman, sai wakili, sai dattawan gari ɗaya bayan ɗaya, sai baƙin Maigatari, don Malam Ƙasimu ya ce shekaru ke nan yana gaishe su a tsaye, yau ba zai tsallake kowa ba. Dagaci kuma ya yanke cewa haka za a ci gaba, fada da kasuwa, har masassaƙi ya gama sabuwar ƙafa. Masassaƙin yana wurin, ya ce icen kirki sai ya bushe, kuma shi ba ya gaggawa.

Wajen dattijo na ƙarshe gwiwoyin Ɗantsoho suka fara kaɗawa. Ɗantala ya ɗauko Mai Kunne ya manna masa a gwiwa, hon ya tashi.

"Sarki, wannan ma ta gaji."

Malam Ƙasimu ya gyara zaman rawaninsa, ya ƙara riƙe wuyan mijin 'yarsa.

"Ƙyale na'urar nan, Ɗantala, ƙarya take yi. Ban taɓa samun ƙafa mai biyayya irin wannan ba. Mu je, saura mata a cikin gida."